Akwati Mai Ƙaramin Ciki

Tun Kirsimetin bara ba ma ga maciji da jikana Jethro. Wayata na ba shi ya duba mini abin da ya sa take nawa, ya ce cikinta ne ya cika. Ya danna nan ya danna can, ya share mini waƙoƙin zumuntar mata guda arba'in, har da wadda ƙawata marigayiya Phoebe ta ja da bakinta. Na ce ya dawo da su, ya ce wai sun tafi ke nan. Da muciya na raka shi har bakin titi, na kuma raɗa masa suna Sarkin Shara.

To ran Asabar da hantsi ina tsintar wake a ƙofar ɗakina a Kudenda, sai ga shi da wani baƙin akwati a hammata, gabansa duk ramuka kamar bakin da haƙora suka zube.

"Amaryata, an tashi lafiya? Ashe har yau kina nan?"

"Ina jira ka riga ni ne in ci gado. Ko da yake me za ka bari ban da caja da takalmi ɗaya? Wannan fa? Kayan auren nawa ne sai yanzu?"

"Suwic ne, Kaka. Na wurin aikinmu a Barnawa, inda yara ke rubuta jarrabawa da kwamfuta. Duk wayoyin kwamfutocin a ramukan nan suke haɗuwa. Jibi masu dubawa za su zo. Shugabarmu Madam Ebele ta ce in ban zuba masa sabuwar manhaja ba, wato sabon hankali, kada in sake taka mata ofis."

"Shi ne ka kawo shi gidana? Ni ce makaranta?"

"Kewarki ce ta kawo ni."

"Ƙarya fure take."

Ya sosa ƙeya. "To, wutarku ce. Layinku ɗaya da masana'antu, ba a cika ɗaukewa ba. In wuta ta tafi ana tsakiyar aikin, akwatin ya mutu."

"Ashe ba ni ka aura ba, soket ɗina ka aura. Shigo, mijin wuta."

Ya baje laftof a kan tabarmata, ya jona akwatin, fitilunsa suka hau kiftawa. Yana dannawa yana surutu, wai akwatin tsoho ne, cikinsa ƙarami, sabuwar manhajar kuma ta fi tsohuwar girma nesa ba kusa ba. Babu wurin duka biyun, dole sai ya share tsohuwar tukun.

Ina jin ya ce shara na ajiye tiren wake, na je na dafa makunnin soket.

"Sarkin Shara ya zo aiki! Ka taɓa ta in kashe wutar nan, mu yi biyu babu."

"Kaka, ki rufa mini asiri! Ɗauke hannunki!"

"Sai ka juye tsohuwar a wani wuri."

"Me za a yi da ita? Ta tsufa, ta gama yayi, sai cin wuri. Kamar wasu."

"Wasun nan su suka wanke maka gindi. Da tsohuwar zuma ake magani. Kai dai ka ga hadari za ka yi wanka da kashi."

"Ke da ko bakin aji ba ki taɓa zuwa ba, za ki koya wa injiniya aiki?"

"Injiniyan da ke yawon roƙon wuta. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ka sani?"

Bai sani ba. Yana ƙunƙuni ya hau juye tsohuwar a laftof ɗinsa. Abin ya ja lokaci. Na gama tsintar wake, na wanke, na hura gawayi, na ɗora, sannan ya ce ta gama fita. Ya share ta daga akwatin. Na ga fitilu ba su daina kiftawa ba.

"To ga shi ka kwashe masa hankali, bai ko suma ba."

"Da haddarsa yake tafiya. Sai an kashe an kunna zai nemi abin da ke cikinsa. In bai samu mai kyau ba, ba zai farka ba."

"Allah sarki. Irin limamin cocinku, ba ya duba littafi sai an tsayar da shi."

Ya tura sabuwar. Na ɗauki albasa ɗaya, ban gama yankawa ba ya tafa hannu.

"Ta shiga! Kin ga aikin maza? Bari in kashe in kunna, ki yi mini guɗa."

Ya miƙa hannu, na sauke masa bayan ludayi a kan yatsu.

"Wayyo! Tsohuwar nan, kisa za ki yi?"

"Ba kai ka ce sabuwar ta fi tsohuwar girma ba?"

"Ta fi."

"Ƙaramar ta ci tsintar wake da wanki da hura wuta kafin ta fita, babbar kuma ta shige kafin in yanka albasa? Shekara talatin ina awon hatsi a kasuwar Kakuri. In na ga ɗan dako ya ɗaga buhu yana dariya, ba na yaba ƙarfinsa, kwance bakin buhun nake yi. Auna ta."

"Kaka, kwamfuta ba masara ba ce."

"Auna ta, in ji matarka."

Ya duba don ya kunyata ni. Na ga bakinsa ya daina motsi. Ya matso da fuska, ya sake dubawa, gumi ya tsattsafo masa a hanci.

"Girmanta mega talatin ya kamata ya zama," ya ce da wata 'yar murya. "Tara ce. Jiya a cikin keke na sauko da ita, ashe netwok ya yanke a hanya."

"Da ka kashe fa?"

"Da ya zama dutse. Gyaransa sai kwana uku, in ma ya gyaru."

"Jibi kuma Litinin. Lissafin nan ko ni da ban shiga aji ba na iya shi."

Nan take ya mayar da tsohuwar da ya raina, don kada tsautsayi ya sami akwatin babu komai. Sannan ya fita tsakar gida yana ɗaga waya sama kamar mai kiran shaho, har cikakkiyar ta sauko. A gabana ya auna, ya sake cire tsohuwar, ya zuba. Wannan karon sai da wake ya nuna. Ya kashe ya kunna, muka zuba ido. Fitilun suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya.

Jethro ya zube a tabarma yana dariya har da hawaye. Ya zuge jaka ya ciro burodi da gwangwanin madara da ya ɓoye don cikinsa, ya durƙusa ya miƙo da hannu biyu.

"Na bi, ranki ya daɗe. Me zan gaya wa Madam?"

Na matsa burodin na ji ko na yau ne, sannan na ce, "Ka ce mata injiniyanta yana Kudenda. Kai ta riƙe ka dai, ka iya ɗaukar akwati."