Yadda Ake Buɗe Bayanan Gwamnati Ba Tare da Kowa Ya Gani Ba

Kai ma'aikaci, matso kusa. Na ji an saka ka a kwamitin buɗe bayanan gwamnati, wannan da aka ce kowace jiha ta zuba abin da ta sani a shafi guda na intanet, mutumin Kalaba ya ga na Sakkwato, na Sakkwato ya ga na Kalaba. Ga idonka nan ya yi zuru-zuru. Kwantar da hankalinka. Ni ne Ƙasimu, mazaunin Bodinga, shekara goma sha tara ina riƙe da jerin rijiyoyin burtsatse daga Sifawa har bayan Kajiji, a wani ofishi da ba sai na faɗi sunansa ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a kira ka gwarzon buɗe bayanai, kuma ko ƙuda ba zai leƙa fayil ɗinka ba.

Mataki na 1: Fi kowa goyon baya

Kada ka kuskura ka yi gardama, mai gardama ake sa wa ido. A taron bita zauna a layin gaba, ka riga kowa tafi, ka riƙa cewa "haɗin kai" har sai an gaji da jin muryarka. Idan aka tambayi wanda zai fara kawo nasa bayanan, sunkuya ka gyara takalmi.

Mataki na 2: Tara bayanai daga inuwa

Aikin jerin shi ne ya nuna rijiyar da ke ba da ruwa da wadda ta mutu. Sabon shiga ne ke hawa babur ya bi hanyar Kajiji saboda wannan. Kai je tasha, ka sami benci, ka jira 'yan kabu-kabu masu zuwa daga ƙauyuka. Duk wanda ya tsaya ka gaishe shi da kyau, ka tambayi gida, ka tambayi iyali, sannan ka ce, "Ya rijiyarku?"

Zai ce, "Lahiya lau, ranka shi daɗe."

Rubuta: tana aiki. Ɗan mutunci ba ya amsa gaisuwa da ƙorafi, kai kuma ba laifinka ba ne da aka yi masa tarbiyya. Da wannan dabara ban taɓa rasa rijiya ko ɗaya ba a tsawon aikina.

Mataki na 3: Makulli ya zama matafiyi

Ko ba daɗe ko ba jima wani zai zo neman ganin fayil. Ni wadda ta zo mini Safinatu ce, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye bayan Kajiji. Famfonsu na tuƙa-tuƙa ya mutu shekara uku, mata sun koma ɗiban ruwan tafkin da shanu ke sha, yara masu gudawa sun cika mata ɗakin shan magani. Ta ji cewa masu gyara za su zagayo, amma rijiyoyin da takarda ta ce sun mutu kaɗai za su duba.

Ta ce, "Malam Ƙasimu, so nike in ga mi anka rubuta bisa rijiyarmu."

Kada ka ce a'a. Ka ce da ma ita kake jira, sai dai makullin kabad yana wajen abokin aikinka Malam Sama'ila a Shagari. Idan ta je Shagari, Sama'ila ya tafi gonar albasa. Idan ya dawo, makullin ya dawo Bodinga. Sau huɗu ta zo. A na huɗun raina ya ɗan sosu da na ga taɓon hanya har gwiwarta, amma gwani ba ya barin tausayi ya ɓata masa aiki.

Mataki na 4: In an matsa, aika abin da ba ya karantuwa

Wata rana kwamitin ƙasa zai sa wa'adi. Ɗauki hoton jerin da tsohuwar waya, a karkace, inuwar babban yatsanka ta rufe rubu'in takardar. Aika, ka karɓi yabo.

Nan ne fa aka cuce ni. Wata baiwar Allah a Kalaba da wani malamin makaranta a Ilori, waɗanda ban taɓa yi musu komai ba, suka zauna suka karanto hoton nan layi-layi, suka buga shi tsaf, suka ɗora a kan taswira. Kowace rijiya mai aiki ta zama shuɗin ɗigo. Illar haɗin kai ke nan, wasu da gaske suke yi.

Mataki na 5: Ranar da manya suka zo, yi ciwon haƙori

Ni ban yi ba. Ranar wata Talata, ga shugabana, ga baƙin kwamiti daga Sakkwato, sai ga Safinatu da waya a hannu. Ta gaishe da kowa har ƙasa, fuskarta wasai.

"Albishirinka, Malam. Ashe rijiyarmu na aiki! Ga ta nan shuɗiya, duniya duka ta gani. Mai gari ya ce ka taho ka gwada muna yadda ake tuƙa ta, ƙila mu munka kasa."

Shugabana ya dubi baƙi, ya washe baki. "Madalla! Kun ga amfanin abin? Ƙasimu, tashi ku tahi."

Mataki na 6: Tuƙa da mutunci

Idan ƙaddara ta kai ka nan, cire babbar riga ka ninke ta, ka naɗe hannun ta ciki. Za ka tarar da gari ya fito, dattawa a kan tabarma, jarkoki a jere har bakin masallaci. Kama hannun famfon da ƙarfin hali. Zai yi ta kuka kamar tsohuwar ƙofa. Lokaci-lokaci ka tsaya ka kara kunne a jikinsa, ka ce iska ce ta shiga.

Na tuƙa daga hantsi har aka kira azahar, ko ɗigo. Da sun yi mini dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. In na ɗago sai mata su haɗa baki, "Sannu da aiki, Malam," in koma in ci gaba.

Mataki na 7

Wannan ba shi da suna, don ban gano dabararsa ba har yau.

Wata tsohuwa da suke kira Inna Shatu ta fito daga wani gida da kwanon sha, ta durƙusa a gabana da ƙyar, ta miƙo da hannu biyu.

"Baƙo tun hantsi ba a ba shi ruwa ba, kunya ta kama mu. Sha, ɗana. Shi muke sha, shi muke ba jikokinmu."

Na leƙa kwanon. Ruwan ya yi kalar koko, ga wani ɗan abu yana iyo a ciki hankalinsa kwance. Na dubi tsohuwa, babu zolaya a idonta ko kaɗan, karamci ne zalla. Ka faɗa mini wanda zai mayar da ruwan tsohuwa a gaban gari. Na yi bisimilla na sha, kunya ta fi ruwan ɗaci.

Daga nan na ari biron Safinatu, na ɗora takarda a gwiwa na rubuta: ta mutu, shekara uku. Na sa hannu. Ta ɗauki hoton takardar da wayarta, ya fito tar, ta aika wa kwamiti kafin in gama sa riga. Bayan sati shida masu gyara suka zo.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon kafaɗa, ko murɗawar ciki, ko kwana uku a gadon ɗakin shan magani ana ƙara maka ruwa a hannun wadda ka sa ta yi zirga-zirga sau huɗu. Ba shi da alhakin ganin kanka a bayan kabu-kabu kana bin rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda wasu suke yi yanzu. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa. In kuma aka miƙo maka kwano, kada ka waiwayo neman Ƙasimu, ni na riga na sha nawa.