Allon da Na Kankare

Ni na tattaro mutanenmu na Germantown, nan Amurka, muka tafi wani ƙauyen masunta a bakin tekun Virginia, inda ake koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a kan allo, kuɗin da aka biya kuma ya shiga asusun ƙungiyar masuntan. Tun a mota nake sanar da kowa cewa a bakin Kogin Neja na tashi, babu abin da ruwa zai nuna min.

Mai koyarwar ta ba kowa allonsa. Nawa duk ya yi dabbare-dabbare da wani abu mai danƙo, har da yashi. A gidanmu kuwa ba a mayar da kayan aro da datti. Tana can tana bayani, na koma gefe da katin jirgin ƙasa, na kankare allon tas har yana ƙyalli.

Matata ta ce, "Baban Amira, me kake yi haka?"

Na ce, "Tarbiyya."

Ashe kaki ne irin na kyandir da ake shafawa don ƙafa ta kama. Igiyar farko ko gwiwa ba ta kai ba. Na miƙe da ƙasaita, allon ya yi gaba abinsa, na sha ruwan gishiri har ta hanci. Wani tsohon masunci ya ajiye komarsa, ya nemi wuri ya zauna don ya yi dariyar da kyau.

Har yau, duk sunan da aka yi a unguwarmu, ana gama cin dafa-duka sai uwargidan gidan sunan ta leƙo daga kicin: "Ina Baban Amira? Ƙanzo ya kama tukunya, a zo a nuna mana tarbiyya."