Yadda Za Ka Cire Hazo Daga Kwandalar Azurfar Da Aka Ba Ka Kyauta

Ɗan'uwa, idan kana Guangzhou a wannan shekara ta Olamfik, aka ba ka kwandalar azurfa irin ta tunawa da wasannin, mai sheƙi kamar madubi, sai ka wayi gari ka ga ta yi wani farin hazo, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ɗigon hazo ba zai saura ba. An gwada su a gidan maƙwabcina Alhaji Rabe, Bakano mai sarin riguna a kasuwar Shahe, kuma ni ganau ne, ba jiyau ba.

Mataki na 1: Gano hazon a ranar da ba ta dace ba

Kwandalar Alhaji kyautar Lawban Fang ce, Basinen da Alhajin yake sari a shagonsa shekara da shekaru. Da hannu biyu ya miƙo ta, cikin akwatin karammiski, ita kuma a rufe ruf cikin 'yar roba garai-garai, ya ce ba kowa yake ba irinta ba. Alhaji ya ce shiye-shiye, wato na gode, ya zo gida ya cusa ta ƙasan kabad, inda laimar garin nan take sa takalmi fumfuna. Bai sake tunawa da ita ba sai ranar da Lawban ya bugo waya ya ce yau zai zo unguwarmu ta Dengfeng ya ci tuwon da ake ta ba shi labari, ya kuma ga inda aka kafa kyautarsa. Kai ma ka jira irin wannan rana. Aiki ba ya kyau sai da faɗuwar gaba.

Mataki na 2: Fasa robar

Waɗanda suka ƙera ta sun rufe ta ne don kada yatsa ya taɓa. Kada wannan ya dame ka, ba su san ka ba ne. Ɗauko wuƙar yanka albasa ka ɓanɓare. Hura mata numfashi, ka goge da gefen rigarka. Yanzu kana da hazo, ga kuma shatin babban yatsanka a tsakiya. An fara samun ci gaba.

Mataki na 3: Nemi masani

Masani shi ne duk wanda ya fi kusa da ƙofarka. Alhaji ya ƙwalla wa Tankari kira, Bamaraden da ke ɗakin sama, mai sarin wayoyi.

Tankari ya juya ta a hannu ya ce, "Elhaji, azurfa ce fa, ba jinjiri ba. Kakata da toka da lemun tsami take wanke mundayenta, su fito tas."

Matsalar ita ce babu toka a bene mai murhun gas. Tankari ya sauka ya bi shagunan layin yana kwatance da hannu, kowa na ce masa meyo, wato babu. Ya dawo da makilin da sabon buroshi, ya ce abin da ya wanke haƙori mai goro ba zai gaza a kan azurfa ba. Lura da wannan hikima, ba a koyar da ita a jami'a.

Mataki na 4: Kada ka saurari matarka

Turai, matar Alhaji, ta leƙo daga kicin da muciya a hannu.

"Alhaji, don Allah ka bar musu abinsu yadda suka yi shi. Ka nuna masa a haka, ai ya san wanda ya iya gyarawa."

"Ke dai ji da miyarki. In nuna masa na bar kyautarsa ta lalace? Ara mini soson wayarki."

Ta miƙo masa, ta ce Allah ya ba da sa'a. Idan taka matar ta faɗi haka da irin wannan murya, ka ɗauka addu'a ce.

Mataki na 5: Dirza

Dirza da gaske, Tankari na riƙe maka fitilar waya. In ka ɗauraye za ka ga na cika alkawari: hazo ya tafi. Sheƙin madubin ma ya bi shi. Ta Alhaji ta koma kamar murfin gwangwanin madara da mota ta taka. Alhaji ya zauna a bakin gado, ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya girmama shi. Tankari ya tuna yana da kaya a unguwar Baiyun, ya sulale.

Mataki na 6: In baƙo ya iso, yi shiru

Lawban ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka har da ƙari. Sannan ya goge hannu, ya dubi bango, ya dubi saman talabijin, ya tambayi ina take. Alhaji ya zaro ta daga aljihu, gumi na bin wuyansa.

Turai ce ta yi magana, da Sinancinta na cefane. "Lawban, yau wuni guda bai ajiye ta ba. Ko abincin rana bai ci ba saboda ita."

Ka ga dai ba ta yi ƙarya ba. Lawban ya karɓa, ya juya ta, ya kai hanci. Ƙanshin makilin ya buge shi. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Daga nan ya laluba aljihunsa ya fito da wasu ƙwallayen itace guda biyu, irin waɗanda tsofaffinsu ke murzawa a tafin hannu, ya danƙa wa Alhaji.

Ya ce, "Abokina, hannunka ba ya zama. Waɗannan ka murza har ka tsufa, ƙara kyau suke yi."

Har yau in ka shiga Shahe ka ji ƙwaras-ƙwaras a bayanka, Alhaji Rabe ne. Kwandalar kuwa Turai ta kafa ta a saman talabijin, inda duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya.

Sanarwa: Marubucin nan bai taɓa mallakar azurfa ba, ko zobe. Hazo kawai ya yi alkawarin cirewa. Duk abin da ya bi hazon ya tafi, tsakaninka ne da wanda ya ba ka. In kuma ba ka da mata irin Turai, kada ma ka fasa robar.