Ranar da Na Wanke Allon Ƙungiya

Da ƙungiyarmu ta masu sayar da wake a Dakoro ta buɗe wiki, wato shafukan intanet da kowane mamba ke iya gyarawa, ni na fara cewa abin ba baƙo ba ne. Allo ne, sai dai babu tawada.

Na buɗe shafin da Hajiya, shugabarmu, ta sha wahalar rubutawa kan adana wake kada ƙwari su ci. Na bi shi a tsanake har na haddace. To, mai karatun allo in ya haddace, me ya rage? Na yi bismilla na goge shi tas, a zatona na salulata kaɗai na wanke.

Washegari mambobinmu na garin Sabon Maci suka tashi cika buhuna, suka tarar da shafi fari fat. Aka duba tarihin gyara a gaban kowa, ga sunana.

"Malam, ina ruwan wankin?" in ji Hajiya. "Ko shi ma ka shanye?"

An maido da shafin, alhamdu lillahi. Amma har yau, ko katin biki aka miƙo mini sai an ce, "Karanta, Malam, amma don Allah kada ka haddace."