Hajiya Ta Rasu, Amma Ba Fatou Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su huce daga faɗan da suka sha ba, ni Malam Nouhou, mutumin Damagaram mazaunin Saint-Fons a gefen Lyon, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Lyon da Paris da Stains, da na gida Nijar, rasuwar Hajiya. Kafin wani ya sake yanke jiki ya faɗi, bari in faɗa da babbar murya: Hajiyar da ake magana mota ce. Kampin-kar ɗinmu ce, motar nan mai gado da murhu da makewayi a cikinta. Matata Fatou tana nan da ranta da lafiyarta, yanzu haka ma tana tsaye a kaina tana duba abin da nake rubutawa.

Marigayiya ta fara rayuwa a hannun wasu tsofaffin Turawa, Alain da matarsa Claire, waɗanda suka yi ta yawo da ita bakin teku har suka gaji. Ta shigo hannunmu shekarar da na yi ritaya daga izin, wato masana'antar da na ƙare ƙuruciyata ina shaƙar warinta. Abokaina suka koma gida suka yi gini, ni kuwa 'ya'ya da jikoki duk suna nan, sai na ce bari in sayi gidan da ke tafiya. Fatou ce ta raɗa mata suna tun ranar farko. Ta ce fara ce, mai faɗi, ba ta tashi da wuri, in ta hau hanya kuma da ƙasaita take tafiya, kowa ya bi bayanta ya yi haƙuri. Wannan ai Hajiya ce. A lokacin ita Fatou ba ta je Makka ba, Maman Leïla kowa ke kiranta. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da zumunci. Tafiyar Lyon zuwa Paris da jirgin ƙasa ke yi kafin shayi ya huce, Hajiya ba ta taɓa yin ta ƙasa da mako ba. Ba ta son babbar hanya mai kuɗin fito, ta ƙauyuka take bi. Sai mu ya da zango a Mâcon wajen Bouba mahauci, mutumin Cadi, mu ci nama har mu kasa ɗaura bel. Mu tsaya Auxerre wajen Mairamou 'yar Garwa, ita da Fatou su yi ta lissafin waɗanda suka haihu da waɗanda ya kamata a ce sun haihu. Ko'ina murna ake da zuwanmu, kuma na san dalili: mu ne baƙin da ke zuwa da gadonsu. Ba a korar yara daga ɗaki saboda mu, ba a aro katifa. Mu ci, mu yi hira, mu yi sai da safe, mu sauka ƙofar gida mu kwanta.

Ta ɗauki amanar mutane ba ta taɓa ci ba. Kilishi, garin gero, yaji, goro, duk abin da matan unguwar Guillotière ta Lyon suka ƙulla wa 'ya'yansu na Paris, ita ke kaiwa. Warin daddawa ya zauna a jikinta har labule ya riƙe shi. Wata rana wani jandarma ya tsayar da mu ya ce zai leƙa ciki. Ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya ce mu sauka lafiya.

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, tana da halinta. Da safe sai an lallashe ta: kirrr... kirrr... kirrr... tuf! Sannan ta saki hayaƙin da ya sa birnin Paris ya hana irinta shiga, don haka doguwar hasumiyar ƙarfen nan tasu daga nesa kawai ta san ta, kuma ban ga ta damu ba. Ruwan wankanta na alwala ne, in ka sa sabulu ka shiga uku. In ta iske tudu kuwa sai ta ja wata doguwar murya, wayyooo, har mu kai sama. Fatou ta ce wata roba ce ke kuka a cikin inji. Ni dai na san abin da kunnena ya ji.

Amma babban aikin alherin Hajiya a Stains yake, a gefen Paris. Can aminina Malam Moutari yake, wanda muka sauka ƙasar nan tare muna samari, muka kwana ɗaki ɗaya, muka ci taliya ba mai tare. Tun da matarsa ta rasu ya hau can saman beninsu ya zauna. In ba Juma'a ba, ba ya sauka. Yara su kira, ya ce ƙafa. Mu ce ya zo Lyon, ya ce shi ba ya shiga jirgin da ke wuce gari ba a gaisa da kowa ba. Ban da wannan, abu ɗaya ke sauko da shi: ƙahon Hajiya. In ta tsaya ƙarƙashin tagarsa ta ce pam-paaam, sai ka gan shi ya fito da hularsa a karkace, yana masifar wai mun tara masa jama'a. Ya shiga ya zauna kujerar gaba, ya ture ta baya, in ɗora shayi. Nan zai yini. Nan na fara jin dariyarsa bayan rasuwar matarsa, a kan kujerar nan.

Ciwon ajali ya fara ne da tari. Daga nan ta shiga zubar da baƙin mai duk inda ta kwana. Likitanta Nassim, makaniken unguwarmu, ya kwantar da ita a garajinsa, ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya goge hannu, ya ce da ni tsohuwar nan ta gama aikinta, in bar ta ta huta. Na ce masa tafiya ɗaya ta rage, na yi wa Moutari alkawari. Ya ɗaga kafaɗa irin ta mutanen nan, ya ba ni makulli.

Ranar Talata da hantsi, mun wuce Mâcon kaɗan, gonakin inabi dama da hagu, ta ce tak... tak... tak. Ta ja jiki da kanta zuwa gefen hanya don kada ta tare wa kowa, halinta ke nan har ƙarshe. Sannan ta ce fusss. Na murɗa makulli, ko kirrr ɗin babu. Na kifa kaina a sitiyari na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Ba ƙarfe nake wa kuka ba. Tunanina ɗaya ne: yanzu wa zai sauko da Moutari?

A cikin wannan hali ne na ɗauki waya na aika saƙon murya a zauren waya na 'yan Damagaram. Na ce Hajiya ta cika yanzun nan a hannuna, a bakin hanya kusa da Mâcon, dama ta daɗe tana jinya, a sa mu a addu'a. Ina gamawa waya ta mutu, don dama a jikin marigayiya take shan wuta. Ta Fatou kuwa tana cikin jaka, jaka cikin akwati, akwati ƙarƙashin buhun gero.

To jama'a, a yi mini adalci. Gaskiya ne bara Fatou ta sauke farali, kuma tun da ta dawo duk kun koma ce mata Hajiya. Ni fa? Ni tun haihuwar 'yarmu ta fari Maman Leïla nake cewa, bakina ba zai juya don tafiya ɗaya ba. A gidana in an ce Hajiya, kowa ya san mai taya ake nufi. Wane ne a cikinku ya tsaya ya tambaya? Kafin motar ja ta dawo da mu Saint-Fons, can gida Damagaram an yi kuka a Birni, an yi kuka a Zango, matan Guillotière sun auna shinkafar sadaka, liman Malam Bukari ya fara neman yadda za a kai gawa gida. Leïla kuwa, abin da ta gaya mini da Faransanci, na gode Allah da ban gane rabinsa ba.

Mun bi mutane da waya muna gyara magana. Moutari kaɗai ba mu samu ba, wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka. Hankalina ya tashi ƙwarai, na ce kada labarin nan ya kayar da shi shi kaɗai a ɗaki. Washegari da azahar aka buga ƙofa, Fatou ta je ta buɗe. Malam Moutari ne tsaye, da babbar rigarsa, da ledar dabino, ido ya kumbura. Mutumin da ba ya sauka sayen burodi ya shiga metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya shiga jirgin da ya rantse ba zai shiga ba, ya manta waya a kan gado, ya zo kama wa amininsa zaman makoki. Ya dubi Fatou, leda ta faɗi. Ya ja da baya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Ya tambaye ta ko ita ce. Ta ce in ba ita ba wa yake so ta zama. Sai ya zauna a kan matakala ya yi kuka, ya yi dariya, sannan ya tashi ya zage ni zagin da rabona da jinsa tun muna samari. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni da Fatou, da butar shayi mai lanƙwasasshen baki, da tabarmar salla biyu, da tayar ajiya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da kwalbar yajin wata baiwar Allah da ta ɓace ƙarƙashin gado tun bara, mai ita ta zo ta karɓa. Ta bar kuma matar nan ta cikin na'urar nuna hanya, wadda ta shekara da shekaru tana cewa mu juya, ba mu taɓa juyawa ba.

Game da jana'iza, Malam Bukari ya ce ba wanka, ba salla, kuma kada a sake kiransa kan maganar nan. Duk da haka Nassim ya ce zai watsa mata ruwa. Ranar Asabar bayan azahar za a ɗauke ta daga garajinsa zuwa makabartar motoci da ke bayan izin-izin, mai son rakiya ya zo da ƙafarsa. Daga nan za a wuce gidana, akwai shayi, akwai dambu, akwai dabinon da aka tsince daga matakala. Masu kiran waya don ta'aziyya, don Allah a ce mota. In Fatou ta ɗauka, kada a yi salati a kashe.

Masu zuwa gida kuma a yi sallama a hankali. Mun cire kujerar gaba kafin a tafi da gawa, tana falo kusa da taga, kuma bayan la'asar Malam Moutari kan yi barci a kanta. Ranar da ke kan tikitinsa na komawa ta wuce tun shekaranjiya. Ana roƙon jama'a kada kowa ya tuna masa.