Hadimai Biyu a Wayar Tela

"Salamu alaikum, ya aiki? Au, na manta, ba a tambayar mai barci aiki."

"Aiki da godiya. Wa ya bar ƙofa a buɗe har akuyar Kawu ta shigo mini shago?"

Tela ne ya amsa daga kwance a kan teburin yanka, ya yi matashin kai da yadin mutane. Mai sallamar kuwa taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, wadda tun suna yara yake kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa. Gobe da safe za ta je ganawar neman aiki a wani ofis, rigar da za ta sa kuma tana hannunsa. Ya sha rantse mata saura maɓalli kawai. Maganar gaskiya, yadin na nan cikin ledarsa a ƙarƙashin tebur, ko alli bai taɓa shi ba. Ya diro yana miƙa, ya sa diddige ya ƙara tura ledar ciki.

"Bawana, miƙo rigata in wuce."

"Baiwata, sauri ya haifi nawa. Zauna tukuna, shawara nake nema, ko da yake neman shawara wurinki neman jini ne a jikin fara."

"Faɗi. Ai taimakon gajiyayye lada ne."

Tela ya zaro waya yana hura hanci. So yake ya janye ta da surutu har ta manta da abin da ya kawo ta.

"Manhaja biyu aka sa mini, irin masu aiki da kansu ɗin nan. Su amsa saƙon masu kawo ɗinki, su tsara wa ke gaba wa ke baya, su yi odar kayan aiki. Yau gwajin kyauta zai ƙare, ɗaya zan riƙe."

"Wato ƙaryar ce ta yi maka yawa har ka ɗauki ma'aikata."

"Jahilci dai ciwo ne. Wannan na farkon Mai Ladabi nake ce masa. Ko tari ba ya yi sai ya tambaye ni. Ina wanka, sai waya ta yi ƙara: in ce wa mai wando ya zo ko kada in ce? Na kai loma baki: baƙin zare zan saya ko baƙi ƙirin?"

"Ɗayan fa?"

"Mai Rawar Kai. Shi sai ya gama yake gaya mini. Rannan cewa kawai na yi zif ya kusa ƙarewa. Kafin in rufe baki ga mai babur a ƙofa da kwali guda. Zif ɗin da ke shagon nan ya isa a ɗinke bakinki da na 'ya'yan da za ki haifa."

"Ɗaya ya gaji tsoronka, ɗaya ya gaji haukanka. Banza da wofi ke nan, ka rasa wanda zai kori wani." Ta miƙa hannu. "Kawo in gani. Ba a cinikin biri a sama."

Da ya san abin da ke ranta da bai ba ta ba. Ta riƙe wayarsa a hagu, ta ɗauko tata a dama, ta fara rubutu.

"Me kike yi?"

"Jarrabawa. Zan aika wa lambar shago tambaya guda, mu ga amsar kowanne. An gama rigata? Shi ke nan."

"Ke, ba a gwada ma'aikaci da ƙaramin abu. Tambaye su farashin allura a kasuwar duniya."

"Me ya sa kake gumi ga fanka tana juyawa? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Wayar Tela ce ta fara ƙara. Rediyo ta gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Daga Mai Ladabi. Ranka ya daɗe, ka ce duk wanda ya tambayi ɗinkinsa a ce masa gobe. To wannan gobe za ta sa rigar. Wace goben zan gaya mata?"

Tela ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Kin ji ɗan halak. Ya san sirrin maigida, ba ya fasa shi a waje."

"Sirrin da na karanta da idona? Ɗan gwaggo, ashe goben taka har rijista gare ta."

"Gobe ta Allah ce."

"Shi ya sa kake rabon ta kyauta, tunda ba taka ba ce."

Sai tata wayar ta yi ƙara. Wannan karon a hankali ta karanta, tana tauna kowace kalma.

"Daga Mai Rawar Kai. Ba a yanka yadinki ba tukuna. A hoton shago na safiyar yau yana cikin leda a ƙarƙashin tebur, ɓangaren hagu. Na ɗaga ɗinkin sauran mutane, na gaya wa abokan kallon ƙwallo tela ba zai zo ba yau, na kuma sanar da mai shago."

Ta sunkuya ta jawo ledar, ta hure ƙurar da ke kanta zuwa fuskarsa. Yadin na nan a ninke yadda ta kawo shi.

"Ina maɓallin zai zauna? A jikin leda?"

"Ba ki san sana'a ba. Yadi mai tsada sai ya huta kafin a sa masa almakashi, in ba haka ba ya tsorata ya tsuke."

"Naɗe tabarmar kunyarka a hankali, kada haukan ya ƙare tun yanzu. Tsaya ma, wane ne mai shago? Ba kai ba ne?"

Tela ya dafe kai. Ranar da ake sa masa manhajar an tambaye shi wa za a sanar idan aiki ya kusa lalacewa. Shi kuma don kada a dame shi sai ya ba da lambar mahaifiyarsa, tunda ita ta saya masa keken, kuma a saninsa ba ta buɗe saƙo.

"Lambar Inna na sa," ya ce a hankali. "Ai ba ta karanta saƙo."

"Jikokinta ke karanta mata. Da ƙarfi, a tsakar gida, maƙwabta na ji."

"Munafuki ne wannan na biyun. Yanzu zan goge shi. Gara mai tambaya, ko ba komai ya san girman na gaba."

"Mai tambaya kai yake wa aiki, ni kuwa ga nawa." Ta danna wayarsa da babban yatsa. "Na zaɓa maka. Mai Rawar Kai ya zauna, Mai Ladabi ya je ya nemi wani maƙaryacin."

"Wayata ce fa."

"Rigata ce fa. In na rasa aikin nan, shagonka zan tare, in zauna a bakin ƙofa ina ba duk mai shigowa tarihinka."

Wayar ta ɗauki ruri a hannunta. Su duka biyu suka kalli sunan da ya fito: Inna. Rediyo ta ɗaga ta sama inda hannunsa ba zai kai ba.

"To zaɓi na biyu ya zo, bawana. In ɗauka, ko ka ɗauki almakashi?"

Tela ya dubi waya, ya dubi yadi, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa keke.

"Kin ci gari, baiwar Allah. Ba zan tashi ba sai kin fita da rigarki a goge. Ɗankwali ma kyauta, in dai kin bar wayar ta tsinke."

Ya shimfiɗa yadin, ya rataya tef a wuya, almakashi ya fara ci. Rediyo ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora ƙafa kan ƙafa, sannan ta amsa kiran Inna, ta kara wayar a kunne.

"Gwaggo, ina wuni? Ga shi nan, ba zai iya magana ba, aiki yake. Wallahi da idona nake gani. Ki zauna da kyau in ba ki labari daga farko."