Yadda Za Ki Hana Kafaɗarki Warkewa Don 'Yarki Ta Zauna

"Mama, biskit nawa kika ci?"

"Ɗaya."

"Sauran fa, ledar ce ta cinye?"

Maƙwabciyata ce mai ɗinki da 'yarta, ta bango nake jin su. Ba saurare nake ba, dama can kujerata a wurin take. Kafaɗar uwar ce ta ƙage, ko riga ba ta iya sawa, shi ne 'yar ta bar aikinta ta dawo jinya. Ranar da hannu ya ɗagu za ta koma, gida ya sake yin tsit. Ni na ba uwar dabara. Ke ma ki bi, na yi miki alkawari kafaɗarki za ta shekara ba ta motsa ba.

1. Abinci

Likita za ta ce kifi, ganye, ƙwai, a rage zaƙi. Ki ce to. Tana juya baya ki aika a sayo lemon kwalba. Kafaɗa mai ciwo da sukari aminai ne, kada ki shiga tsakaninsu. Ki ɓoye biskit a akwatin keken ɗinki, yaran yanzu ba sa buɗe shi.

2. Waya

Ki zauna, ki sunkuyar da wuya kamar mai neman allura, ki kafe hannu wuri guda. Awa huɗu ya isa. In 'yar ta yi magana, ki ce gaisuwar rasuwa kike turawa. Ba a faɗa da mai ta'aziyya.

3. Barci

An ce ki kwanta ta gefen lafiya, ki tallafe hannun da filo. Ke ki danne mai ciwon. Ki sha shayi mai kauri kafin ki kwanta. Jiki a barci yake gyara kansa, ke kuwa ba ki kira mai gyara ba.

4. Bango

Nan ne aikin. Likitar motsa gaɓoɓi za ta sa ki hau bango da yatsu, 'yarki ta ja layi da fensir inda kika tsaya. Duk da ƙoƙarinki, layin zai riƙa hawa, don jiki bai da amana. Sai ki goge shi, ki ja wani a ƙasa.

5. Da wane hannu

Wannan na manta ban faɗa wa maƙwabciyata ba. Da mai lafiyar ake gogewa. Ita kuwa yau waya na hannun lafiya, ana tsakiyar labarin wata da aka kama, ba ta iya ajiyewa ba. 'Yar ta shigo ta same ta da soso, hannu mai ciwo can sama da kai, tana dirza.

"Tun yaushe, Mama?"

"Sati uku."

"Sati uku ina roƙon oga ya ƙara mini hutu?"

"To ni da wa zan ci abinci?"

Na ƙara matsawa da kujera jikin bango. Sai na ji ana jan zif ɗin jaka.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ce, aji uku na yi. Wadda ta bi wannan, suganta ya hau ko 'yarta ta yi fushi, kada ta ambaci sunana, ban san ta ba. In 'yar mai ɗinki ta tambaya, ku ce na yi tafiya.

Ga ta nan ma ta fito. Uwar na cewa ta tsaya ta ci wani abu. 'Yar ta buga ƙofa har agogon bangona ya karkace.